Ramuwar 'Yar Kusada

Ni dillalin dabbobi ne a karar Kankia, kuma duk wanda ya daɗe a wannan sana'a ba ya yarda da idonsa, balle bakin mutum. Mutum zai jawo maka rago, ciki ya yi tulu, yana rantsuwa da Allah tun kaka yake ba shi dusa da harawa. Kai dai ka yi shiru. Ka ɗora hannu a gadon bayan ragon, ka bi ƙashin da yatsa har gindin wutsiya. In kanwa aka ba shi da sassafe ya kwankwaɗi ruwa, hannu zai faɗa maka. Ciki yana ƙarya, baya ba ya yi. Karatuna bai wuce allo da 'yar firamaren da ban ƙarasa ba, amma wannan kam na san shi.

Abin da zan faɗa a kan ɗiyata ta fari ne. Ba na faɗin sunanta, uwarta ma ba ta faɗa. Haka muka taras, ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yi mashi wasa gaban mutane, ba a nuna an damu da shi. Da aka yaye ta, yayata da ke aure a Kusada ta zo ta goye ta ta tafi da ita. Can ta girma, can ta yi makaranta har ta gama sakandare. Shi ya sa a gida 'yar Kusada muke ce mata. In ta zo mana yawon Sallah, nakan gan ta daga nesa, yarinya mai jiki, kumatu cike, irin ginin dangin uwata. Ta durƙusa ta gaishe ni, in amsa ina kallon wani wuri.

Gab da wani azumi yayata ta aiko ta gida, wai ta zo ta zauna wurin uwarta kafin a san abin yi game da karatunta. Na ce to. Amma na riƙe abin a raina, don yayata ba mai sakin abin da ta riƙe ba ce. Yarinyar ta iso cikin hijabi har ƙasa. Fuskar ta ɗan faɗa. Azumi ya kama cikin zafi, kowa ya zabge, ban ga abin magana ba.

Aka yi Sallah, kowa ya koma cin abincinsa, ita ta ci gaba da azumi. Uwarta ta ce Sitta Shawwal take yi. Madalla. Shawwal ya wuce, tana nan da baki a rufe. Na tambayi uwarta, ta ce mani, "Ramuwa take yi."

To nan magana ta ƙare. Mace in ta ce tana ramuwa, kowa ya san abin da ya sa ta sha azumin, kuma ba maganar maza ba ce. Wane uba ne zai tsaya ya tambayi ɗiyarsa yawan kwanakin da ta sha? Ɗiyar ma ta fari? Kalmar nan kamar ƙyaure take, an rufe, kai kana waje.

Ga wani abu kuma. Mu maza a ƙofar gida muke cin abinci. Bayan magariba kowa a fito mashi da kwanonsa, mu da maƙwabta mu haɗa a tabarma ɗaya mu yi ciyayya. Tun ina saurayi haka nake ci. In ka ce in rantse, ban taɓa ganin loma ta shiga bakin ɗiyar nan ba tun da aka yaye ta. Ban ga tana ci ba, don haka ban ga ta daina ba.

Abin da ya ƙara rufe mani ido, ita ta karɓe girkin gidan. Daka, tankaɗe, tuƙi, duk ita. Miyarta har maƙwabta sai da suka yi magana. Wani tsoho da muke ciyayya da shi ya lashe yatsa ya ce, "Dillali, wannan hannun ba na uwargida ba ne. Ga iya miya, ga azumi ba fashi. Wanda ya samu wannan ya tsinci dami a kala." Ta cika wa ƙannenta kwano, ta tsaya a kansu sai sun cinye, har ta ƙara masu. Wa zai zargi mai tuƙa tuwo da yunwa?

Akuya ce ta tona asiri.

Muna da wata jar akuya a turke bayan rumbu. Lokacin farkon damina ne, ciyawa ba ta kai a kama da baki ba, harawa ta ƙare, dabbobin gari duk haƙarƙari a waje. Wata safiya zan fita, na ɗora mata hannu a baya, don hannuna ya saba, ba ya wuce dabba bai taɓa ba. Sai na ji nama. Na sake latsawa. Kitse ne sosai, ba ruwa ba. Ni kuwa ban sayo dusa ba. Na kama gemunta na duba, ga busasshiyar miyar kuka ta manne a gashin.

Na kira uwar yaran. Na ce, "Ke, hatsin da nake awowa da guminmu, akuya kike tuƙa wa?"

Ta ce, "Wace akuya? Ƙanzo ma yara ba sa bari."

"To aljani ne ke kawo mata tuwo da miya?"

"Malam, kai dai ba ka rasa wanda za ka zarga. Ka tambayi akuyar mana, ai yarenku ɗaya."

Na kama hanyar kara. Da magariba aka fito da kwanoni, na yi loma biyu, na ce wa mutane na manto wayata a ɗaki. Na shiga ba sallama, na tsaya a bakin zaure ta ciki. Uwar tana salla. 'Yar Kusada ta ɗauki kwanon buɗa-bakinta, ta waiga dama, ta waiga hagu, ta zagaya bayan rumbu. Na ji akuya ta miƙe tun kafin ta iso, alamar ta saba. Da ta fito, sai na ga ta dangwali sauran miyar da yatsa ta shafa a gefen bakinta. Ta kai kwanon wurin wanke-wanke ta ce da ƙarfi, yadda uwarta za ta ji, "Alhamdulillahi."

Shafa miyar nan ita ta fi tsaya mani. Wanda ba ya jin cin abinci ture kwano yake yi. Wannan shiri ne, irin na mai kawo rago kara.

Washegari da yara suka tafi makaranta, na tsare uwarta a ɗaki na faɗa mata abin da na gani. Na ce, "Azumi duka wata guda ne. Ko gaba ɗaya ta sha, da yanzu ta gama biya. Ramuwar me ake yi har damina ta faɗi?"

Ta shiga murza bakin zanenta. Ita ma kunyar ɗiyar fari ta ɗaure ta, ba ta iya zama ta tambaye ta komai. Can ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Ni ma abin yana damuna. Tun da ta zo gidan nan ban ga ranar da ta ajiye salla ba. Ko a cikin azumin."

Ba zan ɓoye ba, abin da ya fara zuwa mani shi ne abin da zai zo wa kowane uba. Budurwa ta daina ganin al'ada, ba ta son abinci, tana yawo cikin hijabi har cikin ɗaki, kuma an maido ta gida ba dalili. Na ji kaina ya yi zafi. Ban je kara ba ranar. Na hau babur na kama hanyar Kusada.

Na taras da yayata tana tsinke zogale a tsakar gida. Ko ruwa ban sha ba na ce, "Yaya, me kika maido mani?"

Ta dube ni sama da ƙasa. "Ka gaishe ni tukuna, marar kunya. Ni na wanke maka kashi."

Na gaishe ta. Sannan na faɗi abin da nake zargi. Ta ajiye tiren ta ce, "Tir! Ɗiyar da na raina? Yarinyar da ko ƙofar gida ba ta tsayawa? Ka zauna cikin awaki har tunaninka ya koma irin na bunsuru."

"To me ya sa kika sallamo ta?"

Nan ta sassauta murya. Ta ce tun shekarar ƙarshe a makaranta abin ya fara. 'Yan ajinsu sun sa mata suna buhun gero, wata ta ɗauke ta hoto a waya tana cin ƙosai, aka yi ta yawo da shi ana dariya. Daga nan ta bar cin abincin dare, wai yana sa ta barci ga jarrabawa. Sai ta bar fura. Sai ta bar duk abin da mai ya taɓa. Yayata ta ce ita ba ta haɗa wannan da wancan ba, don wa ya taɓa jin an ƙi abinci saboda suna? Da ta ga yarinya tana narkewa, sai ta zargi wata tsohuwa da ke bayan gidansu, wadda ake raɗe-raɗin mayya ce.

"Na ɗauka cin ta ake yi," in ji ta. "Na ce bari in nisanta ta da garin."

Na ce, "Yaya, ba cin ta ake ba. Ita ce ba ta ci."

Na dawo ban yarda da kowa ba. Ban yarda da yayata duka ba, ban yarda da labarin hoton ba, kuma zargina na farko bai gama fita ba. A ƙasar nan mata har magani suke saye a kemis don su yi ƙiba. Amarya in ta rame, dangin miji ake zagi. Na ga yunwa da idona shekarar da gero ya ƙi, na ga mutane suna cin tafasa ba gishiri. A ce ga tuwo a kwano mutum ya ba akuya don kar ya yi jiki? Kaina bai ɗauka ba.

Ban kai ga yanke abin da zan yi ba ta faɗi. Da hantsi ne, tana daka, taɓarya ta kuɓuce, ta sulale gefen turmi. Uwarta ta yi ihu. Ina zaure, na shigo da gudu na sunkuce ta. Rabon da hannuna ya taɓa ta tun tana cikin zanen goyo.

Na sa ƙarfin ɗaukar mutum, sai na ji kamar na ɗauki damin kara. Ƙarƙashin hijabin akwai rigar sanyi, ƙarƙashinta wata riga, ga zane biyu, cikin wannan zafin. Hannuna ya sauka a gadon bayanta, ya yi abin da ya saba. Ƙashin ya fito ɗaya-ɗaya kamar carbi. Dabba in na taɓa na ji haka, nakan ce wa mai ita ya nemi mahauci kafin yamma. Tafin hannunta sanyi ƙalau. Ɗankwalinta ya zame, na ga gashin ya kakkaɓe, fatar kai a fili.

A asibiti aka ɗebi jini, aka yi gwaje-gwaje. Ba ciki. Ba tarin fuka, ba ciwon suga, ba ciwon nan da ake tsoron faɗa. Likitar mace ce, ba ta kai ƙanwata ba. Ta zaunar da ni ta ce jikin yarinyar ya cinye kansa, shi ya sa al'ada ta ɗauke, shi ya sa take jin sanyi, kuma zuciyarta tana bugawa a hankali fiye da yadda ya kamata. In aka ci gaba a haka, wata rana za ta tsaya. Ta ce ciwo ne sananne, a tunani yake zama, yana sa mutum tsoron abinci, ya dubi jikinsa ƙashi da fata ya ga ƙiba.

Na ce, "Likita, ciwon masu ƙoshi a gidan dillali?"

Ta ce, "Baba, ba ya tambayar gidan wa ya shiga."

Ita ma ban yarda da ita nan take ba. Na ɗauka sun rasa gano abin ne suka laƙa mashi suna. Abin da ya sa na yarda, da idona na gan shi. An kwantar da ita, ana ɗora ta a sikeli da safe. Wata safiya na zo da wuri, na hango ta ta taga tana shan ruwan leda, ta gama ɗaya ta fasa wata, ta gama ta fasa wata, tana tura ledojin ƙarƙashin katifa. Ba ƙishi ba ne. Na san wannan shan. Na samu ma'aikaciyar jinyar a waje na faɗa mata, ina jin nauyin bakina. Ta ce sun lura, kusan duk masu ciwon haka suke yi, za su canza lokacin awon.

Na shiga na zauna a bakin gadon. Ban taɓa zama kusa da ita haka ba. Ta ja hijabi ta rufe fuska.

Na ce, "Ke. Ba ki sha azumi ko ɗaya ba. Ramuwar me kike yi?"

Ta ƙara jan hijabin.

"Da ke nake."

Ta ce, "Baba, in na ce ramuwa ba mai sake tambayata."

"To yanzu na tambaya."

Ta ce, "In na ci, ji nake kamar na yi sata. Wani abu ya yi ta faɗa mani na ɓata komai, sai na wuni ban ci ba yake yin shiru."

Na ce, "Muryar wa? Namiji ko mace?" Don har na fara tunanin malamin da zan nemo.

Ta ce, "Tawa ce, Baba."

Aka tura mu Katsina wurin likitan da ke duba irin wannan, muka riƙa zuwa muna dawowa. Na samu limaminmu na faɗa mashi komai. Ya zo har gida ya ce mata azumin da ke kashe mai yin sa ba ibada ba ne, kuma jiki amana ne. Ta ce to. Ni ma na kafa doka, na ce na hana. Ta ce to. Na ɗauka an gama. Na matsar da akuyar zuwa ƙofar zaure inda nake ganinta. Bayan kwanaki na ga kajin maƙwabta sun tare a bayan banɗakinmu, ta nan take jefa abincin.

Likitan ya ce doka ba ta isa ba. Kada a bar ta ta ci ita kaɗai, wani ya zauna da ita duk cin abinci, har bayan ta gama, kuma ya zama wanda ba za ta iya yi wa wayo ba. Uwarta ta gwada. Da yarinyar ta fara hawaye sai uwar ta kau da kai ta ce a bar ta ta huta. Yayata ta zo ta gwada, faɗa ya kaure. Saura ni.

Ranar da na fara cewa kada a fitar da kwanona, mutanen ciyayya suka aiko yaro ko lafiya. Washegari a masallaci tsohon nan ya ce, "Dillali, an ce ka koma cin tuwo cikin mata. Zane za mu saya maka ko ɗankwali?"

Wani ya ce, "Ku bar shi, uwargida ta gama da shi."

Na ce, "Ku dai miyar kuka rasa, shi ke damunku."

Ban yi masu bayani ba. Wanda zai ce mayu, zai ce. Wanda zai ce ciki ne aka zubar, na san ya riga ya ce.

Kwano ɗaya muke ci, ni da ita, a tabarma gaban ɗakin uwarta. Ba daɗi. Ta gutsiri abin da bai kai ƙwayar gyaɗa ba, ta yi ta juya shi cikin miya. Ta tura tuwon ɓangarena da yatsa a hankali, in maido mata. Ta ɓoye loma a hannun hijabi, in ce, "Zazzage." Ta ce za ta zagaya bayan gida da mun gama, in ce, "Zauna, a yi isha'i tukuna." Yarinyar da ba ta taɓa ɗaga ido ta dube ni ba, wata rana ta ture kwanon har miya ta zube, ta dube ni ido cikin ido.

"Kiwo kake yi? In na yi ƙiba ka ja ni kara?"

Uwarta ta saki salati daga ɗaki. Ni kuwa na ɗauki kwanon na gyara mashi zama.

Na ce, "Wanda zan sayar ba na cin kwano ɗaya da shi. Sa hannu."

Ta yi kuka har tuwon ya huce. Na zauna. Da ta gaji, ta sa hannu.

Ba zan ce daga ranar komai ya gyaru ba. Wani makon a ci gaba, wani makon a koma baya. An sake kwantar da ita sau ɗaya bayan kaka. Kasuwanni da yawa sun wuce ni, don ba na yin nisan da zan rasa abincin rana a gida. Na gaji, gajiyar da ban taɓa yi a bayan shanu ba. Da azumi ya zagayo, likita ya ce kada ta yi, liman ya ce kada ta yi. Ina azumi nake zama gabanta da rana tsaka, ita tana ci ni ina kallo, tana harara ta.

Bayan Babbar Sallah, wata safiya ina ɗaure takalmi zan tafi kara, uwarta ta biyo ni zaure. Ta tsaya tana kallon bango, kamar da shi za ta yi magana.

Ta ce, "'Yar Kusada ba ta salla yau."

Wannan ba maganar da ake faɗa wa uba ba ce. Ban ɗago kai ba. Na ce, "Alhamdulillahi." Na sake cewa. Igiyar takalmin ta ƙi ɗauruwa a hannuna.

Har yau a ciki nake cin abinci. Ta koma karatu nan cikin Kankia, tana zuwa tana dawowa. In ta ce mani ta ci a makaranta, nakan ce to, sannan in sa a zubo mana. In ta ce za ta yi ramuwa, uwarta ke riƙe da lissafin, ba ita ba, kuma sai likita ya yarda. Akuyar tana nan a ƙofar zaure. Kullum zan fita sai na ɗora mata hannu a baya. Ta rame, ƙashin ya fito. Haka nake son in ji shi.